Mutanen da ke cikin motar agajin gaggawa

Idan aka sayo sababbin motocin ɗaukar marasa lafiya, kowa ya san yadda bikin yake: a jera su a fili, a yanka ƙyalle, a kunna jiniya, a miƙa makullai. Kowa zai iya gaya maka mota nawa aka sayo. Amma da wuya ka sami wanda zai gaya maka mutum nawa aka ɗauka domin kowace mota, awa nawa za su riƙa yi, ina za su kishingiɗa tsakanin kira da kira, da kuma wanda zai dubi halinsu ranar da suka kwaso gawar ƙaramin yaro daga kan titi.

A takarda dai Najeriya ta yi nisa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko domin wannan aiki. A 2022 aka fara gwajin NEMSAS, shirin gwamnatin tarayya na agajin gaggawa da motocin asibiti, a Abuja, wanda ke biyan kuɗin ɗauko mara lafiya da jinyar awa 48 na farko. Akwai lambar kiran gaggawa ta 112, akwai 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, Legas kuma tun 2001 take da nata motocin. Duk wannan tsari, idan wayar ta yi ƙara da ƙarfe uku na dare, a kan mutum biyu ko uku yake sauka: direba, nas ko jami'in agajin gaggawa, wani lokaci da mataimaki. Idan sun gaji, ko suna jin haushin juna, ko ƙaramin cikinsu yana tsoron buɗe baki, mara lafiya ne zai kwana a ciki.

Mu fara da lissafin da ake tsallakewa. Mako ɗaya awa 168 ne. Idan ma'aikaci yana yin awa 40 a mako, kujera ɗaya a cikin motar da ke aiki dare da rana tana bukatar mutum huɗu da ɗoriya. Ka sa hutun shekara, rashin lafiya, hutun haihuwa, kwas da rasuwa, sai ka ga ta kai mutum biyar. Ke nan mota mai ma'aikata biyu tana cin mutum goma, mai uku kuma goma sha biyar. Tashar da aka ba mota ɗaya da mutum shida aka ce ta yi aiki ba dare ba rana, tun ranar farko an riga an rubuta cewa wani zai riƙa yin kwana biyu a jere. Shugaban tasha da ya san wannan lissafi zai iya zuwa gaban na sama da shi da hujja a hannu: ko a ƙaro mutane, ko a rage awannin da motar ke aiki a faɗa wa jama'a gaskiya. Ni a ganina motar da ke aiki awa 16 da mutanen da suka yi barci ta fi wadda ke aiki awa 24 da direba mai gyangyaɗi.

Gajiya ba ragwanci ba ce, kuma ana iya auna ta. Binciken da aka yi a Ostireliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin hankalinsa da na hannunsa kan ragu kamar na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wato iyakar da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi a kanta. Idan ya kai awa 24, abin ya ninka. Ba wanda zai yarda mashayi ya ja motar asibiti, amma kullum ana miƙa makulli ga wanda bai runtsa ba tun jiya. Lokaci mafi haɗari shi ne daga ƙarfe biyu na dare zuwa asuba, kuma tafiyar dawowa ma tana da nata haɗarin, bayan an sauke mara lafiya, jiki ya saki, hanya shiru. A 2018 masana a Amurka suka fitar da ƙa'idoji biyar kan gajiyar ma'aikatan motocin agaji: a riƙa auna gajiyar da tambayoyi, kada zaman aiki ɗaya ya kai awa 24, a samar da shayi ko kofi, a ba da damar ɗan barci a bakin aiki, a kuma koyar da ma'aikata yadda barci yake. Babu mai tsada a ciki in ban da na biyun.

Abin da zan ba da shawara a jadawali shi ne zaman awa 12 ya zama iyaka, da hutun aƙalla awa 11 kafin a dawo, kuma kada aikin dare ya wuce uku a jere. Juyin ya riƙa tafiya gaba, daga safe zuwa yamma zuwa dare, domin jiki ya fi sauƙin jinkirta barci a kan gaggauta shi. A liƙa jadawalin wata guda tun kafin watan ya kama, saboda mai iyali ya san ranar da zai kai yaro asibiti ko ya halarci ɗaurin aure. A bar mutane su yi musaya tsakaninsu, da sharaɗin a rubuta a littafi kuma musayar ba za ta haifar da awa 24 ba. Sai a sa ido kan wani abu da kowa ya sani amma ba a faɗa: ƙarancin albashi kan sa ma'aikaci ya tashi daga aikin dare ya zarce wani asibitin kuɗi, ko direba ya hau Keke Napep har la'asar. Hana shi da baki ba ya aiki. Biyan alawus a kan lokaci shi ne ke rage shi.

Ɗan barcin da ake magana minti 20 ne zuwa 30. Idan ya zarce haka mutum kan shiga barci mai nauyi, ya tashi kansa a ɗaure na kusan minti 15 ko fiye. Saboda haka wanda aka tasa daga barci kada ya zama shi ne zai ja mota nan take idan akwai wani mai lasisi. In babu, ya wanke fuska, ya sha ruwa, abokin aikinsa ya zauna gaba yana yi masa magana har su isa. Wannan yana bukatar ɗaki na gaske: katifa, gidan sauro, fanka mai caji, ƙofa mai rufuwa, da ɗaki dabam na mata mai sakata ta ciki da banɗakinsu. Wannan na ƙarshe ba alfarma ba ce. A garuruwanmu, mace mai naƙuda ko mai zubar jini sau da yawa ba za ta saki jiki da namiji ba, mijinta ma ba zai so ba. Ana bukatar mata a cikin motar, kuma ba za su zauna a aikin ba idan wurin kwanansu benci ne a baranda.

Sai zafi. A watan Afrilu a Sakkwato, Maiduguri ko Nguru, zafi kan haura digiri 40, kuma bayan motar da na'urar sanyayarta ta mutu ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Mai aiki cikin irin wannan yanayi yana bukatar kamar kofi ɗaya na ruwa duk minti 15 zuwa 20, wato kusan ledar fiya wata ɗaya duk rabin awa, ba tare da ya jira ƙishirwa ba. A ajiye kula mai ruwa da 'yan ƙullin gishiri da sukari a mota domin ma'aikata, dabam da na marasa lafiya. Fitsari mai duhu, ciwon kai da saurin fushi su ne alamun farko. Da azumi kuwa, tun kafin a ga wata ya kamata a zauna a tsara: a gajarta zaman rana, a raba aikin tsakar rana da abokan aikin da ba sa azumi idan akwai su, a rama musu a lokacin bukukuwansu, a kuma sa dabino da ruwa a mota, domin kira ba ya duba ko an kusa shan ruwa.

Bayan barci, abin da ya fi fitar da mutane daga wannan aiki shi ne ciwon baya. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da mutum ɗaya zai ɗaga a yanayi mafi kyau, ga mara lafiya kuma an rage zuwa kilo 16, domin mutum ba buhu ba ne, yana motsi kuma ba shi da mariƙi. Magidanci mai kilo 80 a kan gadon ɗauka ya fi ƙarfin mutum biyu, balle a lungun da mota ba ta shiga, ko a bene mai ƙunci. A nan al'adarmu ta taimako tana da amfani: kullum akwai matasa a tsaye. A zaɓi huɗu, a nuna wa kowa inda zai riƙe, a ce kada kowa ya ɗaga sai wanda ke wajen kai ya ƙirga. Shi kaɗai ke ba da umarni, kuma ya faɗa tun farko cewa a kan "uku" za a ɗaga. A durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, nauyin kusa da jiki, kada a murɗa ƙugu. Ƙafafun gadon da makullinsa a duba su kullum, domin gadon da ya rufta yakan raunata mutum uku a lokaci guda.

Allura ma tana da nata lissafin. Idan allurar da aka yi wa mai cuta ta soki ma'aikaci, yiwuwar kamuwa da cutar HIV kusan kashi 0.3 ne cikin ɗari, amma na ciwon hanta nau'in B zai iya kai kashi 30. Rigakafinsa allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida. Kada wani ya hau motar nan bai yi ta ba, har da direba da mai wanke mota, waɗanda su ake mantawa. Kada a mayar da murfin allura, kada a huda jijiya mota tana gudu. A ce wa direba ya tsaya, minti ɗaya ne. Kwalin zuba allurai ya kasance a ɗaure inda hannu ke kai wa, a canza shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu. In tsautsayi ya faɗa, a wanke wurin da ruwa da sabulu, kada a matse ko a tsotsa, a fara maganin kariya daga HIV da wuri, cikin awannin farko in da hali, kada dai a wuce awa 72, a sha na kwana 28. Tambayar da kowace tasha za ta amsa tun yau ita ce: idan abin ya faru daren Asabar, ina za a sami maganin, wa ke riƙe da makulli? Inda ba a amsa wannan ba, ma'aikaci zai yi shiru ya jira Litinin, ko kunya ta hana shi faɗa gaba ɗaya.

Cututtukanmu kuma da lokacinsu suke zuwa: zazzaɓin Lassa da sanƙarau da rani, kwalara da damina, ga mashaƙo da ya addabi Kano a 2023. Ɗakin karɓar kira ya tambayi alamomi tun a waya, ya sanar da ma'aikata kafin su isa, domin su sa safar hannu, takunkumi da riga tun a waje. Wajen wanke mota bayan jini ko amai, ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 ake so. Idan bilicin kanti mai kashi 3.5 ne, gwangwani ɗaya a gauraya da gwangwani shida na ruwa, a haɗa sabo kullum domin ƙarfinsa yana tafiya. A ba su lokacin yin wannan. Tura mota sabon kira jinin wani bai bushe a ƙasa ba zalunci ne ga ma'aikata da wanda za a ɗauko.

Yanzu ga batun aiki tare, wanda a nan na fi son mu daɗe.

Haɗin kai yana farawa da minti 15 na karɓar aiki. Masu sauka da masu hawa su tsaya a jikin motar tare, ɗaya yana karanta takardar dubawa, ɗaya yana taɓa kowane abu da hannunsa yana amsawa. Direba ya duba mai, ruwan lagireto, baƙin mai, birki, iskar taya da safaya, fitilu, jiniya da batir. Na baya ya duba oksijin, na'urar zuƙe majina, jakar hura numfashi, bandeji, abin ɗaure jijiya, ruwan ƙari da ranar lalacewar magunguna. Oksijin ana lissafa shi ne da minti. Tukunya mai lita 680 idan ana sakin lita 15 a minti ɗaya, minti 45 za ta yi. Idan allurar ma'auni tana rabi, minti 22 ke nan, kuma tafiya daga babban asibitin ƙaramar hukuma zuwa asibitin koyarwa takan wuce awa. Rabin faɗan da ake yi tsakanin masu aikin dare da na safe daga nan yake tasowa: wani ya bar tanki babu mai, wani ya bar tukunya wayam bai faɗa ba. Sa hannun mutum biyu a takarda ɗaya yana kashe wannan rigima.

A hanyar zuwa a raba aiki da baki, ko da an saba: wa zai kama kai da numfashi, wa zai tsayar da jini, wa zai yi magana da dangi, wa zai riƙe oba-oba. Idan an isa, umarni ya riƙa tafiya yana dawowa. Misali jagora ta ce, "Malam Sani, ɗaure cinyar dama sama da raunin." Shi kuma ya amsa, "Cinyar dama, sama da rauni." Idan ya gama ya ce, "Na ɗaure, ƙarfe huɗu da minti goma." Kiran suna yana hana a ce "wani ya kawo" kowa ya zaci ɗan'uwansa ake nufi. Maimaitawa tana kama kuskuren ji cikin hayaniya. Faɗin lokaci kuma likitan tiyata zai bukace shi. Haka wajen danna ƙirji idan zuciya ta tsaya: danna 30, hura numfashi 2, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, a kuma canji hannu duk minti biyu, domin dannawar tana raguwa tun kafin mai yi ya ji ya gaji. Wanda ya ce "bar ni, ban gaji ba" yana cutar mara lafiya da kyakkyawar niyya. Wannan ya sa dole direba ya iya ceton rai na farko. Kwas ɗin kula da gaggawa na matakin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross ta duniya suka fitar a 2018 ya dace da ma'aikatan lafiya na motar, direba kuma aƙalla ya sami horon taimakon farko, a riƙa maimaita atisaye tare da shi duk wata. Kalmar "direba ne kawai" ta jawo asara mai yawa. Shi ya san hanya, shi ke ganin abin da ke tahowa ta baya, kuma hannunsa ne na uku da na huɗu.

Abu mafi wuya a wurinmu shi ne ƙarami ya gyara wa babba. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da girmama na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma a bayan mota tana iya kashe mutum. Masu jiragen sama sun koyi wannan da tsada. A 1977 jirage biyu suka yi karo a filin jirgin Tenerife na ƙasar Sifen, mutum 583 suka mutu, kuma cikin dalilan har da yadda na ƙasa da kyaftin suka nuna shakka amma ba su iya tsayar da shi ba. Daga nan aka fara koyar da matuƙa yadda ƙarami zai yi magana da yadda babba zai saurara, likitoci kuma suka aro darasin. Ba sai an yi rashin kunya ba. A amince da matakai uku da kowa ya sani. Na farko tambaya: "Sista, wannan maganin milligiram nawa muka ce?" In ba a ji ba, sai damuwa a fili: "Sista, hankalina bai kwanta ba, ina ganin ya yi yawa." In har yanzu ba a ji ba, sai kalmar da aka yi yarjejeniya a kanta: "A dakata." Duk wanda ya faɗe ta, ko jiya aka ɗauke shi aiki, hannu ya tsaya na daƙiƙa goma a duba. Nauyin yana kan babba: shi zai ce da safe, "In kun ga zan yi kuskure ku faɗa mini," kuma ranar da aka faɗa masa, ko da shi ne mai gaskiya, ya ce na gode. In ya harari yaron sau ɗaya, ba zai sake jin bakinsa ba har abada.

Wannan dama ta shafi tuƙi. Na baya yana da ikon cewa a rage gudu, direba kuma yana da ikon cewa ba zai tashi ba sai kowa ya ɗaura bel. Jiniya da gudu mintuna kaɗan suke ragewa a yawancin tafiye-tafiye, amma suna ƙara haɗari sosai, musamman a mahaɗar hanya. A tsaya cak a jar danja, a tabbatar kowane layi ya gan ka, sannan a wuce. Idan za a yi ribas, mutum ɗaya ya sauka ya tsaya inda direba ke ganinsa a madubi.

A wurin haɗari, ƙa'idar farko ita ce kada a ƙara yawan waɗanda za a ɗauka. A sa riga mai ƙyalli, a ajiye alamar gargaɗi nesa ta inda motoci ke tahowa, a juya motar ta fuskanci hanyar fita. Idan tankar mai ce ta faɗi, a tsaya nesa, ta inda iska ke fitowa kuma a kan tudu, a kira 'yan kwana-kwana, kada a matsa. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, ya isa ya sa kowace tasha ta yi atisayen wannan. Taron jama'a kuwa, mutum ɗaya a ware ya yi magana da su. Ya nemi dattijo, mai unguwa, liman ko shugaban 'yan tasha, ya gaishe shi, ya ba shi aiki: "Baba, a taimaka a matsar mana da mutane baya." Ɗan'uwan da ke ihu a ba shi ledar ƙarin ruwa ya riƙe, hannun da ke da aiki ba ya kai duka. In wuri ya rikice, a ɗauki mara lafiya a bar wurin, a ƙarasa aikin a gaba. Kuma hukuma ta tsaya wa ma'aikacinta: duk zagi ko duka a rubuta shi, a bi kadinsa. Haka idan sun kai wanda aka harba, dokar 2017 ta wajabta wa asibiti karɓarsa ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma hana a wulaƙanta wanda ya kawo shi. A ajiye kwafinta a mota.

Ƙofar asibiti wani wurin ne da ke cinye ran ma'aikata. An yi gudu, an iso, sai a ce babu gado. A kira asibitin tun daga hanya, a kuma miƙa bayani cikin rabin minti a tsari ɗaya kullum: shekarunsa, lokacin da abin ya faru, yadda ya faru, raunukan da aka gani, bugun jini da numfashi da hayyacinsa, sai abin da aka yi masa. Shugaban tasha ya riƙa zama da shugabar sashen gaggawa ko sau ɗaya a wata uku, domin a san juna kafin ranar rikici.

Bayan kowane kira mai nauyi, a ɗauki minti biyar a jikin mota: me ya tafi daidai, me ya ba mu wahala, me za mu canza, me ya ƙare a jaka. Ƙarami ya fara magana, babba ya rufe, in ba haka ba kowa zai maimaita abin da oga ya ce. Wannan zancen aiki ne. Zancen zuciya dabam yake, kuma a nan ana yawan kuskure. Tara mutane a tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya gani da yadda ya ji, a zama ɗaya, bincike ya nuna ba ya hana ciwon firgici da ke biyo bayan tashin hankali, wani lokaci ma yana ƙara shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawararsa ba. Abin da ke taimako ya fi haka sauƙi: a cire su daga layin kira na awa ɗaya ko biyu, su yi wanka, su canza kaya, su ci abinci, su yi salla ko addu'a, su kira gida. Wanda ya so magana a saurare shi, wanda bai so ba a ƙyale shi. Bayan kwana uku wani abokin aiki da aka horar kuma aka yarda da riƙon sirrinsa ya same shi su kaɗai ya tambaye shi barci da cin abinci, ya sake komawa bayan wata ɗaya. Sojojin ruwan Birtaniya ne suka fara wannan tsari, ma'aikatan agaji suka ɗauka.

Rashin barci, mafarkin abin, da jin warin wurin a hanci a makon farko ba ciwo ba ne, yawanci suna wucewa. Abin dubawa shi ne idan sun haura wata ɗaya, ko mutum ya fara kauce wa wata hanya, ya daina zama cikin mutane, yana faɗa da iyalinsa, ko ya koma ga tiramadol da maganin tari domin ya runtsa. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya sami ciwon firgici bayan tashin hankali a kusan kashi 11 cikin ɗari na ma'aikatan motocin agaji, ciwon damuwa kuma kashi 15. A tasha mai mutum 20, ana maganar mutum biyu ko uku ke nan. "Ka yi ta maza" da "sai haƙuri" ba su isa ba. Tawakkali da neman magani ba sa karo da juna, kamar yadda ba sa karo a ciwon suga. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. A nema wa ma'aikata hanyar ganin likita da ba sai ta bi ta teburin ogansu ba. Wanda kuma ya furta cewa ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a raka shi wurin likita a ranar.

Kuskure ma a bambanta shi. Wanda ya ɗauko kwalbar magani ba daidai ba domin kwalabe biyu sun yi kama kuma fitilar bayan mota ta mutu, gyaran yana kan fitila da jerin kwalabe. Wanda ya saba tsallake dubawar safe domin kowa yana tsallakewa, a zauna da shi da sauran. Wanda ya zo aiki a buge ko ya karɓi kuɗi a hannun dangin mara lafiya, wannan hukunci ne. Idan aka haɗa su ukun aka ba kowa takardar tuhuma, ba wanda zai sake kawo rahoton kuskuren da ya kusa faruwa, alhali irin wannan rahoton ne ke nuna inda ramin yake kafin wani ya faɗa. A ajiye littafi ko akwati da za a rubuta ba suna, a karanta a taron wata, a rubuta a allo abin da aka gyara da ranar da aka gyara shi.

Akwai kuma takardar da ya kamata kowane ma'aikaci ya tambaya tun bai ji ciwo ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke kula da shi, kuma diyyar ta haɗa da rauni, cutar da aka ɗauka a bakin aiki, mutuwa, har da taɓuwar hankali da aiki ya jawo. Sau da yawa direbobi da masu wanke mota ana ɗaukarsu ne a matsayin na wucin gadi, alhali su ma suna shiga haɗari. Shugaban tasha ya bincika ko sunayensu suna cikin rajista, kuma duk raunin da aka ji, ko sukar allura ce, a rubuta shi a ranar da kwanan wata da sa hannun shaida.